Guzurin 'Yan Sama Jannati Da Guzurin Almajiri

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka sama, ya shimfiɗa ƙasa, ya kuma sanya abincin 'yan Adam a cikin ƙasar da su ke takawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya saba zaman ƙofar gida bayan sallar Magariba a Nasarawan Doya, ko Gubuci, ko Hunkuyi, musamman da kaka sa'ad da hadari ya ɗauke, hazon hunturu kuwa bai sauko ba tukuna, watakila ya taɓa ganin wani abu mai haske kamar tauraro ya keto daga wannan gefe na sama ya nufi wancan. Ba ya ƙyaftawa irin ta jirgin sama, ba a kuma jin ƙararsa, cikin 'yan mintoci kaɗan sai ya ɓace. Sau da yawa abin nan gida ne wanda 'yan Adam su ka gina da hannunsu, shi ne a ke kira Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. An fara harhaɗa ta a shekarar 1998, kuma tun ran 2 ga Nuwamba 2000 ba a yi ko da yini guda babu mutane a cikinta ba. Galibi mutum bakwai ke zaune a ciki. Nisanta daga doron ƙasa kimanin kilomita 400 ne, watau kusan tafiyar Zariya zuwa Sakkwato in da za a miƙe hanyar a tsaye. Tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa guda, tana kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi, saboda haka mazaunanta su kan ga fitowar rana da faɗuwarta sau goma sha shida kowace rana.

Mutane su kan yi mamakin wannan gudu da wannan nisa, kuma abin mamaki ne. Amma akwai tambayar da ta fi dacewa manomi ya yi, domin ta shafi sana'arsa: su waɗannan mutane me su ke ci? Can inda su ke babu gona, babu rijiya, babu kasuwa, babu maƙwabcin da za a aika yaro ya karɓo gishiri. Ko iskar da su ke shaƙa sai an tanada musu. In da za a manta da su na 'yan watanni, da duk iliminsu da na'urorinsu ba su hana su abin da ke samun kowane mai jin yunwa ba.

Amsar ita ce daga ƙasa a ke aika musu. Akwai wasu kumbuna na musamman waɗanda ba su da aiki sai dako. Babu matuƙi a cikinsu, babu yaron mota. A kan cika su da kaya, a ɗora su a kan roka, a harba, su bi sawun tashar da kansu har su iske ta su manne da ita. Mutanen Tarayyar Sobiyet ta da su ne su ka fara wannan dabara. Ran 20 ga Janairu 1978 su ka harba kumbon da su ka sa wa suna Progress daga filin Baikonur a ƙasar Kazakistan, bayan kwana biyu ya isa tasharsu mai suna Salyut 6, inda mutum biyu, Yuri Romanenko da Georgi Grechko, su ke jira. Ya kai musu kaya na wajen tan biyu da 'yan kai, kamar a ce buhun masara ashirin da uku: abinci, da ruwa, da iska, da mai, da kayan gyara, har da wasiƙun iyalansu. Da taimakon wannan saƙo su ka yi kwana 96 a sama, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin su. Kafin wannan lokaci iyakar zaman mutum a can ita ce iyakar guzurin da a ka tanada tun farko. Da a ka sami hanyar kai ƙari, sai zaman ya tashi daga makonni ya koma watanni.

Har yanzu Rasha tana harba irin wannan kumbo sau da dama kowace shekara, wasu ƙasashe kuma sun bi sahu. Ƙasashen Turai sun aika nasu guda biyar, farawa daga 2008. Japan ta aika guda tara daga 2009 zuwa 2020, ba wanda ya ɓata, sunan da su ka ba shi kuwa, Kounotori, sunan wani tsuntsu ne ɗan'uwan shamuwa, kuma Bahaushe ya san abin da zuwan shamuwa ke nufi. Kamfanonin Amurka sun shigo da Dragon a 2012 da Cygnus a 2013. Ƙasar Sin tana da nata mai suna Tianzhou wanda ke yi wa tasharta hidima. A cikin kayan da Rashawa kan aika har da ɗanyar albasa da tafarnuwa da lemo, domin an lura mutum ya kan gaji da abincin gwangwani. In an sauke kaya, mafi yawan kumbunan nan a kan cika su da shara da tsummoki a sake su, su ƙone a iska a saman teku inda babu kowa. Wani aikin da kumbon Rasha ke yi kuma shi ne tura tashar ta ƙara sama, domin kullum tana ɗan yin ƙasa kaɗan-kaɗan, in da za a bar ta da wata rana ta faɗo.

Darasin farko a fili ya ke, ba ya bukatar dogon bayani. Ɗan Adam mabukaci ne ko ina ya kai. Wanda ya hau can ƙololuwa, ya ke leƙen ƙasashe ta taga kamar mai kallon faifai, har yanzu ƙwayar alkamar da wani manomi ya shuka ita ce ke riƙe da shi, ruwan da ya tsirar da ita kuwa ba hukumar wata ƙasa ce ta saukar da shi ba. Musulmi da dama sun je can sun gani da idonsu, tun daga Yarima Sultan ɗan Salman na Saudiyya a 1985, da Muhammad Faris na Siriya a 1987, har zuwa Sultan al-Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wanda ya yi wata shida a tashar a 2023. Ko ruwan sha da ƙyar ya ke isarsu, har sai da a ka ƙera na'urar da ke tace gumi da fitsari su koma ruwa garai, kuma a 2023 hukumar NASA ta Amurka ta ba da sanarwar cewa ana iya maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da a ka yi amfani da shi. (Mai tambayar hukuncin irin wannan ruwa ya sani majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa tun 1978 cewa ƙazamin ruwa in an tace shi sarai, har launi da ɗanɗano da warin najasa su ka gushe, ya koma mai tsarki.)

Amma akwai darasi na biyu, shi ne wanda ya fi kusa da gida, ya kuma fi ɗaci. Waɗannan hukumomi, waɗanda akasarin shugabanninsu ba su karanta Risala ko Iziyya ba, suna da wata ƙa'ida da ba su karyawa: ba a tura mutum sama sai an riga an tsara yadda abincinsa zai riƙa isa gare shi, da ranar da kowane saƙo zai tashi, da abin da za a yi in saƙon ya ɓata a hanya. Wanda ya tura, shi ke da kai guzuri. Ba a taɓa jin sun harba mutum sa'an nan su ce ai Allah na nan ba. Akwai ɗakuna a ƙasa, ɗaya a Amurka ɗaya a kusa da Mosko, inda ma'aikata ke karɓa-karɓa dare da rana, suna sauraren mutanen da su ka tura, suna lissafin abin da ya rage musu.

To, a ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai wasu waɗanda a ke turawa nesa da gida kowace shekara, galibi bayan an gama girbi. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, a ba shi allo da ɗan buhun tsummokinsa da roba, a damƙa shi ga malam, a sa su a mota a Tashar Yari, su nufi Zariya, ko Kano, ko Kaduna, ko can gabas. Niyyar uban mai kyau ce, ba mai musun wannan, yana so ɗansa ya sami Alƙur'ani. Sai dai daga ranar da motar ta tashi, a gidaje da yawa, shi ke nan. Ba mudun dawa da zai bi bayansa, ba sabulu, ba rigar sanyi, ba mai zuwa ya ga ko yana da lafiya. Wani sai ya shekara biyu bai ji muryar mahaifinsa ba. Tazarar da ke tsakanin Nasarawan Doya da birnin Zariya tafiya ce wadda mota ke yi da hantsi ta komo kafin Azahar, amma abincin da ke iya ratsa kilomita 400 a tsaye ya isa ga baƙon da ba a haifa ba, ya gagara ratsa wannan 'yar tazara a kwance ya isa ga ɗan cikin mutum.

In an yi wa irin wannan uba magana, amsarsa a shirye ta ke: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Maganar gaskiya ce, domin Alƙur'ani ya tabbatar a cikin Suratu Hudu cewa arzikin kowane mai rai yana wuyan Ubangijinsa. Amma Wanda ya lamunce arzikin shi ne kuma ya ajiye hanyoyin da zai bi ya iso, kuma hanyar da ya ajiye wa ƙaramin yaro ita ce hannun ubansa. Uban da ya janye hannun, sa'an nan ya kafa hujja da lamunin Allah, kamar mai gadin rijiya ne da ya ɗauke guga ya ce wa masu ƙishirwa ai ruwa na Allah ne.

Wannan fahimta ta tawakkali ba sabuwa ba ce, kuma tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ka yi maganinta. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna tahowa aikin Hajji babu guzuri, suna cewa su masu dogara ga Allah ne, in sun iso Makka kuwa sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne a ka saukar da umurnin yin guzuri da ke cikin Suratul Baƙara. A lura, waɗannan manya ne, kansu su ka jefa cikin wahala da zaɓinsu, kuma ibada su ka fito yi, duk da haka ba a karɓi uzurinsu ba. Ina ga wanda ba kansa ya jefa ba, yaro ne ya jefa, wanda ba a yi shawara da shi ba? Labarin mutumin nan kuma da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, a ka umurce shi ya haɗa biyun, kowane ɗan makarantar allo ya san shi. Har ma hadisin tsuntsaye da wasu ke fakewa da shi, in an duba, tsuntsun da a ka buga misali da shi fita ya ke yi da sassafe ya nema. Kuma duk wanda ya taɓa leƙa sheƙa ya san 'ya'yan da ba su yi fiffike ba uwa da uba ke kai musu a baki, ba a tura su kiwo.

Babu wanda ya kai Manzon Allah tawakkali, amma a dubi yadda a ka shirya zaman kogon Saur a lokacin Hijira. Kwana uku ne kacal shi da Sayyidina Abubakar za su yi a ɓoye, duk da haka sai da a ka raba aiki. Abdullahi ɗan Abubakar ya kan yini a Makka yana sauraren abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, da dare ya kawo labari. Amiru ɗan Fuhaira ya kan koro tumaki bayan duhu ya yi domin su sami madara, sawun tumakin kuma ya shafe sawun mai kawo labari. Nana Asma'u 'yar Abubakar ita ce mai abinci, kuma da ta rasa abin ɗaure bakin jakar guzuri sai ta tsaga ɗamararta biyu, daga nan ta sami laƙabin da a ke kiranta da shi har yau. An kuma yi jinga da ɗan jagora, a ka ajiye masa ranar da zai zo da raƙuma. Ga abinci, ga labari, ga ranar fita. Allah yana da ikon ciyar da Annabinsa a cikin kogo kamar yadda ya ciyar da Nana Maryamu a ɗakin ibadarta, amma ya so al'umma ta ga sunna. Abin da masu kumbon dako su ka gano da lissafi, watau wanda ke keɓe yana bukatar abinci da saƙo da sanin ranar komowa, ga shi nan cikin Sira tun ƙarni goma sha huɗu da su ka wuce.

Hukuncin a fiƙihu kuwa ba shi da duhu. A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga yana mai iya nema, 'ya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Ciyarwa ta haɗa da ci da sha da tufa da wurin kwana, gwargwadon halin uban. Babu inda a ka ce wannan wajibi ya kan faɗi in yaro ya tafi karatu. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyan mutum zunubi ne da ya isa ya halaka shi ko babu wani. Neman haddar Alƙur'ani dukkansa farilla ce ta wasu-su-ɗauke-wa-wasu, ciyar da ɗa kuwa farilla ce a kan uban shi kansa, kuma ba a sayen ta farko da zubar da ta biyu.

Wani zai ce ai manyan malamai duk da yunwa su ka yi karatu, wahala ita ce ke sa ilmi ya zauna. Lalle sun sha wuya, amma a karanta tarihinsu da kyau. Mahaifiyar Sufyanu Sauri ita ce ta ce masa ya tafi neman ilmi, ta ɗauki alkawarin riƙe shi da abin da ta ke samu a kaɗi. Mahaifiyar Imamu Shafi'i ba ta aika shi Makka shi kaɗai ba, ɗaukarsa ta yi ta tafi da shi. Mutanen Suffa, waɗanda su ne almajiran farko a masallacin Madina, manya ne matalauta, kuma Annabi ya kan rarraba su ga gidajen sahabbai a ci da su, mutanen Madina kuma su kan rataye zangarniyar dabino a masallaci dominsu. Ko a ƙasar Hausa tsarin da a ka gada ba haka ya ke ba. Malam yana da gona, manyan almajirai suna noma tare da shi, garin ƙarami ne kowa ya san kowa, kowane ƙolo yana da gidan da a ke ajiye masa tuwo, yana da uwar ɗakin da za ta lura in ya rame. Wancan tsari yana da hanyar kai guzuri, ko da ba a rubuta ta ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauke yaran an kai su manyan birane inda malam haya ya ke yi, ba shi da ko kunya ɗaya ta noma, gidajen kuma masu ƙofar ƙarfe ne, a ka ci gaba da turawa kamar dā alhali hanyar abincin ta yanke.

A nan akwai abin da ya kamata malaman tsangaya su ji daga labarin tashar nan. Ran 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse yana komowa ƙasa, mutum bakwai su ka mutu, a ka dakatar da sauran irinsa. Su ne kuwa ke kai kaya masu nauyi da ruwa mai yawa. Sai ya zama kumbon dakon Rasha kaɗai ya rage. Da a ka yi lissafi a ka ga abin da ya ke iya kaiwa ba zai riƙe mutum uku ba, sai a ka rage mazauna tashar su ka koma biyu, haka a ka zauna har 2006. Ba a ce a bar su uku albarka za ta sauka ba. Duk da wannan, a ƙarshen 2004 sai a ka tarar lissafin abincin da ke ajiye bai yi daidai ba, mutum biyun da ke ciki, Leroy Chiao da Salizhan Sharipov, dole su ka rage ci na 'yan makonni. Hukumomin su ka faɗa a fili cewa in kumbon da ke tafe bai isa ba, za a sauko da su gida. Ya isa ran 25 ga Disamba. Malamin da ya karɓi yara tamanin alhali ya san babu abincin goma, ya ɗauki amanar da ba zai iya ba, kuma cewa da ya ke yi ba ya iya mayar da ɗan Musulmi ba ta kuɓutar da shi. Faɗa wa uba gaskiya tun a zaure ya fi, cewa ba a karɓar yaro sai da abincinsa, in kuwa abincin ya yanke za a maido masa da abinsa.

Tanadi ma darasi ne. Cikin wata takwas, daga Oktoba 2014 zuwa Yuni 2015, kumbunan dako uku su ka salwanta: ɗaya rokarsa ta fashe jim kaɗan da tashi a Amurka, na Rasha ya ƙwace ya yi ta juyi har ya ƙone, na uku ya tarwatse mintoci kaɗan bayan harbawa. Ba wanda ya kwana da yunwa a tashar, domin an riga an tara musu abincin watanni saboda irin wannan rana, kuma hanyar kai kaya ba guda ɗaya ba ce. Shawarar da Annabi Yusufu ya ba Sarkin Masar ke nan. Mutanen Arewa sun ga kishiyar wannan a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da a ka rufe garuruwa, gidajen da ke ba da saura su ka kulle ƙofa, gwamnatocin jihohi su ka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali. Yaron da abincinsa ya rataya ga ragowar tuwon baƙi ba shi da tanadin ko da yini guda.

Saura maganar talauci, kuma ba abin wasa ba ce. Akwai uban da da gaske ba shi da shi, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ya iyawa. Amma wanda ya kasa ciyar da ɗansa a nesa, ya fi sauƙi ya ciyar da shi a gida, inda tukunya ɗaya ce, ya kai shi makarantar allon unguwa, ya yi karatu ya kwana a ɗakin uwarsa. Babu wani gari a ƙasar Zazzau da za a ce an rasa mai koyar da Alƙur'ani a cikinsa. Sa'an nan, a faɗi gaskiya, ba dukan masu turawa ne matalauta ba. Ƙasar Makarfi ƙasar rake ce, ana lodinsa mota-mota zuwa garuruwa masu nisa, ana dafa mazarƙwaila, ga masara, ga tumatir da barkono a fadamun Ikara da Kudan. Mutumin da ya san direban da zai kai masa rake Kano, ya san farashinsa a can kafin motar ta isa, ba zai ce ya rasa wanda zai riƙa wa ɗansa ƙullin garin masara da kuka da daddawa da 'yar ƙuli-ƙuli ba. Yau ga waya a aljihun kowa, ana aika kuɗi cikin ƙiftawar ido. A nan Makarfi an fi 'yan sama jannati sauƙin hanya nesa ba kusa ba.

Sauran jama'a su ma suna da nasu kason. Zakkar hatsi tana wajaba in amfanin gona ya kai ausuƙi biyar, watau sa'i ɗari uku, a fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ko rabin haka in da wahalar ban-ruwa a ka noma. In da masu masara da dawa na gari guda za su tara tasu a rumbu ɗaya, a ƙidaya almajiran da ke garin waɗanda iyayensu ba su da hali, da an rage masu yawo da roba ƙwarai. Manoman rake su kan ce babu zakka a kan rake, kuma a mazhabar Malik haka ne, sai dai a kan kuɗinsa in sun kai nisabi su ka shekara. Amma su sani Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai ushiri a cikinsa, kuma ko babu zakka ƙofar sadaka ba a rufe ta ke ba. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne uba ba ya ba ɗansa ƙarami zakkarsa ya ce ya sauke nauyi biyu da jifa ɗaya, domin ciyar da shi bashi ne a kansa tun asali. Hukuma kuma an kafa mata wata ma'aikata ta tarayya a 2023 domin sha'anin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta, sai dai kafa ma'aikata bai ɗauke wa uba ko mudu guda daga abin da ke wuyansa ba.

Akwai wata mas'ala da malaman Malikiyya su ka ambata wadda ya kamata malaman tsangaya da masu riƙon almajirai su sani. Ciyarwar ɗa ta kwanakin da su ka wuce ba a bin uba bashinta, sai a hali biyu: in alƙali ya riga ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa, ko kuwa in wani ya ciyar da yaron ba da niyyar kyauta ba, yana sane da cewa uban mawadaci ne, yana nufin ya karɓi abinsa daga baya. A wannan hali yana da ikon ya kai uban gaban alƙali a biya shi abin da ya kashe. Saboda haka malamin da a ka jibge wa ɗan mai hali a ka juya baya, ya rubuta abin da ya ke kashewa, ya kafa shaidu a kan niyyarsa tun daga ranar da ya fara. Allah shi ne Mafi sani.